Bangon da Ya Koma Cikin Buhu

Tun kafin a buga ƙusar farko matarsa ta gaya masa abin ba zai ƙare lafiya ba.

"Baban Auta, bangon nan ko tari ka yi kusa da shi zubowa yake. Ka rabu da shi."

Bai rabu da shi ba. A unguwa Kar-a-taɓa ake ce masa, don maganar da ta fi yawa a bakinsa ke nan. Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta fara miƙewa tana dafa kaya, kuma da safen nan ya kama ta tana jan wayar talabijin. Tsohuwar talabijin ce mai ƙatuwar ƙeya, sai mutum biyu ke ɗaukar ta. Da idonsa ya ga ta matsa a kan tebur. Dole ta koma sama, inda hannun yarinyar ba zai kai ba.

Ƙusar farko ta shige kamar cikin jiƙaƙƙen sabulu, ya zare ta da yatsa biyu. Ya cusa guntun katako a ramin, ramin ya haɗiye. Ya liƙa siminti ya jira kwana biyu, simintin ya kama sosai, sannan ya faɗo tare da rabon bangon da ya kama.

Magini ya zo, ya kankare bangon da farce, ya shinshina.

"Maigida, wanda ya yi ginin nan daga nesa ya nuna wa yashi buhun siminti. Sai dai a zura rodi ya ratsa har ɗakin maƙwabcinka, a ɗaure ta can."

Maƙwabcin mai gyaran famfo ne, mutum mai sauƙin kai. Ya ce ba komai, dama yana neman inda zai rataya akwatin kayan aikinsa. Aka zura rodi, aka ɗaura kantar katako a wannan gefe aka ɗora talabijin, akwati ya hau wancan gefe. Abu ya tsaya cak. Ranar Kar-a-taɓa har waƙa ya yi a banɗaki.

Washegari mai famfo ya sauke akwatinsa zai tafi aiki. Rodin ya yi ƙara, yashi ya zubo, talabijin ta sunkuyo a hankali har ta tsaya daidai hancin Auta. Yarinyar ta tafa hannu.

"Kar a taɓa!" Ya sure ta ya fita tsakar gida ba takalmi. "Maƙwabci! Mayar da akwatin, don Allah!"

"To da haƙori zan kwance famfon mutane?"

"Bar mini manyan sifanu, ka tafi da ƙananan."

"Su kuma manyan bututu in ce su yi haƙuri?"

Ana cikin haka matarsa ta fito tana jan buhun da take share ɓaraguzan bango a ciki. Kar-a-taɓa ya ɗaga shi, ya ji nauyi, idonsa ya yi haske. Ya kai shi ɗakin mai famfo ya rataya. Talabijin ta ɗaga kai.

Daga nan al'amarin ya zama tsari. Duk motsin da rodi ya yi, bango ya zubo kaɗan, a share a zuba a buhu. Auta ta ƙara tsawo, a ƙara wa buhu nauyi, talabijin ta ƙara hawa. In ɓaraguzai suka yi ƙaranci, shi da kansa yake gutsiro wa buhun daga ƙasan bango.

"Ka ga," in ji shi, "bangon ne dai ke riƙe da ita. Wuri kawai ya sauya."

"Sannu, injiniya," in ji matarsa. Ta ramin take miƙa wa matar mai famfo ashana yanzu, ba sai ta zagaya ba.

Wata la'asar ya dawo ya tarar talabijin ta kusa taɓa silin. Ya ji daɗi, sannan ya duba ƙasa bai ga Auta ba. Ya leƙa ta ramin. Ga ta can a ɗakin maƙwabci, ta bi ta inda yake gutsira, ta kama gindin buhu da hannu biyu tana lilo, buhun da ya fi ta nauyi sau biyar yana yawo a saman kanta.

Ya durƙusa ya kutsa ta ramin. Ya rarrafa ya ɓamɓare ta. Talabijin ta sauko ta bugi iska a bayansa.

Tun ranar ya kafa kujera a cikin ramin, ƙafa ɗaya a ɗakinsa, ɗaya a ɗakin mai famfo, Auta a cinyarsa. A nan ake kawo masa abinci. Saman kansa rodin na zaune a kan bulo ɗaya tak da ya rage a tsakiya. Magini ya sake zuwa, ya kankare shi, ya shinshina, ya ce shi kam bai san me ke riƙe da bulon ba. Har yau ba wanda ya san ko zai kai lokacin da Auta za ta yi hankali.