Garken Gwaggo Caderina

Ni ba na son kuka a gaban makirfo. Yana ɓata sauti, kuma ni ce zan zauna daga baya ina yanke shessheƙa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa ranar da Gwaggo Caderina ta fashe da kuka a ɗakin girkina, sai da na fara kashe na'ura sannan na miƙa mata hankici.

Shirina sunansa Bakin Murhu. Duk Asabar ake sa shi a ƙaramin rediyon yankinmu na Nuoro, in kuma ɗora shi a intanet saboda 'ya'yanmu da suka watsu a Torino da Jamus. Doka ɗaya gare shi: da Sardanci za a yi magana, harshen tsibirinmu da aka riƙa dukan iyayenmu a kansa a makaranta har suka koyi jin kunyarsa. Ina ɗaukar tatsuniya da tsegumi da ƙararrawar tumaki, har da gardamar tsofaffi a dandali idan ta yi armashi.

Caderina ba gwaggona ba ce ta jini, a garinmu duk tsohuwa gwaggo ce. Tana budurwa ta haye teku zuwa Torino aikatau, ta auri ɗan can, ta reni 'ya'yanta da Italiyanci zalla. Da mijin ya rasu ta dawo gidan uwarta da furfura da takalmin birni. Yanzu jikarta Ilaria na da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe, ta bugo waya tana roƙon abu ɗaya: waƙar reno da mahaifiyar Caderina, marigayiya Jubanna, take yi. A wurinmu kowace uwa ita ke ƙirƙirar waƙarta, tana jera wa jariri abin da take masa fata. Caderina ta amsa wa yarinyar da bakinta cewa za ta aiko, ni kuma na riga na shelanta a rediyo cewa ranar Asabar za a ji waƙar Jubanna.

To, ga makirfo ga Caderina. Karin waƙar ya fito tsaf, amma kalma ko ɗaya babu. Ta buɗe baki ta rufe, ta sake buɗewa, sai Italiyanci ya zubo.

"Gavina, 'yata, waƙar ta tafi," ta ce mini. "Na ajiye ta a wuri na ce zan dawo in ɗauka, ashe ba a ajiye irin wannan. Me zan gaya wa yarinyar nan?"

Na ji tausayinta har cikin raina, na kuma ji haushi, don na yi alkawarin da ba ni da abin cika shi.

Da yamma na kai ƙarata wurin Kawu Bachis, tsohon makiyayi da ke zama a bakin famfon gari yana gyara wa kowa magana. Ya saurara yana yankan cuku da wuƙarsa, bai ko yi mini tayi ba. Da na gama ya ce ba abin kuka a nan, garke ne ya ɓace, kuma tun zamanin kakanni an san maganin wannan. Paradura za a yi mata. Idan gobara ko ɓarayi ko annoba suka share wa makiyayi tumakinsa, kowane maƙwabci yakan kawo masa tunkiya ɗaya, kyauta, ba godiya ba tuni, kafin rana ta faɗi mutum ya tashi da garke. Ya tuna mini cewa Jubanna ungozoma ce, rabin garin nan a cinyarta ya yi barcin farko, kuma iyayensu sun kwashi waƙar a bakinta.

Na shiga gida gida na faɗa: ranar Lahadi bayan coci, a tsakar gidan Caderina, kowa ya zo da baiti ɗaya na waƙar Jubanna.

Ban zaci za a cika haka ba. Mata suka zo da gurasa da zaitun, maza da tulun giya, kamar ana biki. Na kafa makirfo a kan kujera ƙarƙashin ɓaure na ce a bi layi, wanda a garinmu daidai yake da cewa a yi dambe. Gwaggo Mallena mai gidan burodi ta ture kowa ta fara. Baitinta ya ce yarinya ta yi barci, za a saya mata ɗankwali mai zaren zinariya. Wata ta ce a'a, zaren azurfa ne, Jubanna ba ta da ƙarya. Mallena ta ce ai ita da kunnenta ta ji. Matar ta mayar mata:

"Wane kunne? Wanda limamin coci ke kiran sunanki sau uku kafin ki waiga?"

Aka kwashe da dariya, na bar na'ura tana ɗauka. Wani ya kawo baitin doki fari, wata ta kawo na rijiyar da ba ta ƙafewa. Wani tsoho da bai yi magana da ƙaninsa ba tun rabon gonar zaitun ya fara baiti ya maƙale, ƙanin ya ƙarasa masa daga can baya, duk suka yi kamar ba su lura ba. Caderina na zaune a tsakiya da hannu a cinya, leɓenta na bin kowace kalma.

Da aka yi nisa sai na gane ana ha'intata. Baitin da Gwaggo Nenneta ta rera na uwarta ne, na san shi, da shi ta reni ƙawata. Shi kuwa Kawu Bachis da aka zo kansa, ya gyara murya ya rera wa jaririya fatan mijin da ba ya minshari. Wannan Jubanna ba ta taɓa faɗa ba, ko a mafarki. Raina ya ɓaci. Na ce waƙar Jubanna na yi wa mutane alkawari, ba kwashe-kwashen gari ba, kuma duk wanda ya kawo jabu zan yanke shi.

Bachis ya dube ni ta saman tabarau.

"Ke 'yar Totoni, ubanki makiyayi ne, kada ki ba shi kunya. A paradura wa ya taɓa samun tumakinsa na da? Waɗancan sun tafi. Garke ake ba mutum, shi ya san yadda zai yi su saba da muryarsa."

Na miƙa wuya, abin da ba kasafai yake faruwa ba, har Mallena ta ce a rubuta ranar.

Sai aka juya makirfo wajen Caderina. Mata biyu suka zauna gefenta suna raɗa mata farkon kowane baiti. Ta fara, harshenta na tuntuɓe, tsofaffi na gyara mata lafazi ba tausayi. Ɗankwali ya wuce, doki ya wuce, rijiya ta wuce, mijin da Bachis ya kawo ma ya wuce da dariyarsa. Baitocin da aka kawo suka ƙare, na kai hannu zan kashe na'ura. Ita kuwa ba ta tsaya ba. Idonta a rufe, ta ci gaba da wani baiti da babu wanda ya zo da shi: Caderinata, ko teku ta ɗauke ki, ƙofar nan ba ta da sakata.

Babu wanda ya san baitin, don Jubanna ba ta taɓa rera wa ɗan kowa shi ba sai tata. Caderina ta buɗe ido tana dubanmu kamar wadda aka tasa daga barci, sannan ta yi dariya, dariya sosai har da dukan cinya. Bachis ya ce garke ya haihu tun bai kwana ba, a zuba giya.

Ban yanke komai ba, har gardamar zinariya da azurfa na bari. Ranar Asabar shirin ya fita, aka ji shi a kowane shago.

Bayan mako biyu Caderina ta shigo ɗakin girkina ba sallama, tana ɗaga waya sama. Ilaria ta sauka lafiya, mace, an sa mata Jubanna. Ilaria ta aiko da saƙon murya. Muka kunna. Yarinyar na rera waƙar da lafazin Torino mai ban tausayi, kalmomin duk sun karkace, jaririya na tsala ihu a bayanta. Na fara lissafin wuraren da zan gyara mata. Sai ta iso baitin ƙarshe, ta cire sunan kakarta ta sa na 'yarta: Jubannata, ko teku ta ɗauke ki.

Wannan karon ni ce na ɓata sautin, Caderina ta miƙo mini hankici.