Kwalba Goma Sha Biyu, Famfo Ɗaya

Kwalba ta tara nake cikawa wayata ta ɗau kuka. Ina tsugune a bayan ofis, gaban famfon da masu gadi suke wanke ƙafa. Na maƙale wayar da kafaɗa.

"Baba, Abokinka ne ba lafiya," in ji Auta. "Tun jiya yake zawo, yanzu har da amai. Muna asibiti."

Auta 'yata ce. Abokina kuwa ɗanta, watansa tara a duniya, da haƙora biyu da yake gwada kaifinsu a yatsana.

Aikina a hukumar ruwa ɗibar samfuri. Doka ta ce duk Litinin in zaga unguwa goma sha biyu, in ɗebo ruwan famfonsu a kai ɗakin gwaji. Motar zagayen shekararta huɗu a kan duwatsu, har kaza ta yi ƙyanƙyasa a kujerar direba. Sai na koma dabarar magabata: kwalba goma sha biyu, famfo ɗaya, ka rubuta sunan unguwa a jikin kowace. Famfon bayan ofis taku hamsin ne daga tankin da ake zuba magani, ruwansa garau. Shekara huɗu garin nan bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, don ni nake rubuta masa.

Kwalba ta goma sha ɗaya ita ce ta unguwar su Auta. Na cika ta, na cika ta ƙarshe, na miƙa, na sa hannu, sannan na nufi asibiti. Ni mutum ne mai riƙon aiki.

* * *

Yara bibbiyu a gado. Abokina na kwance ana masa ƙarin ruwa, idanu sun faɗa, maɗigarsa ta lotsa. Ya kalle ni kamar bai taɓa cizona ba.

"Kina tafasa masa ruwan sha?" nas ta tambayi Auta tana rubutu.

"A'a, Sista. Babana ne mai duba ruwan garin nan. Ya ce ba sai na wahala ba."

Na tuna ranar da na faɗa. Har da bugun ƙirji.

Nas ta ɗago ta dube ni daga hula zuwa takalmi. "Sannu da aiki, Baba. Wannan ne yaro na goma sha huɗu daga layinsu."

Uwargidana ta matso kusa da kunnena. "Malam, ba dai ruwan ba ne, ko? Ai kai kake gwadawa."

"Ana bincike," na ce. Shekara ashirin da shida ina aikin gwamnati, bakina ya san abin faɗa ko ba ni.

Da yamma na je gidan Auta da kwalbar hukuma. Karo na farko da ni da famfonta muka haɗu a bakin aiki. Bututun ya bi ta cikin kwata kafin ya shiga gida, an ɗaure inda ya fashe da robar taya. Na ɗaga kwalbar sama. Ko makaho zai iya gwada wannan, da hanci.

Washegari mai gwaji ya ƙi karɓa. "Oga, layi goma sha biyu ne a rajista. Ina zan rubuta ta sha uku?"

* * *

Ranar Laraba sufeto ya zo daga hukumar da ke sa mana ido, kamar yadda yake zuwa duk wata uku. Na same su a ofishin manaja, rajista a buɗe, sufeto yana bin layi da bayan biro. Na shiga ba sallama na dire kwalbar a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, ruwan unguwa ta goma sha ɗaya ne. Yara goma sha huɗu suna kwance."

Manaja ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. "Dattijon nan jikansa ne ba lafiya, hankalinsa a tashe yake."

Sufeto ya kai yatsa kan layin. "Nan an rubuta an ɗebo na unguwar shekaranjiya, kuma lafiya lau. Sa hannun wa ke nan?"

"Nawa ne."

"Wannan kwalbar fa, wa ya ɗebo?"

"Ni."

"To wanne ne ƙarya?"

Fanka tana juyi. Saura wata goma sha huɗu in yi ritaya. Manaja ya kafe ni da ido, yana murza zobensa.

"Na rajista," na ce. "Da na duk Litinin ɗin da ke cikinta."

Na jira gini ya rufto. Sufeto ya rufe bironsa a hankali.

"Yaushe ka ɗebo wannan?"

"Litinin da yamma."

"Ka fi ni sanin ƙa'ida, Malam. Samfurin da ya wuce awa shida ba a cikin ƙanƙara ba, ba ya karɓuwa." Ya tura mini kwalbar da gefen fayil, ko taɓa ta bai yi ba. "Mu abin da ke rubuce muke dubawa. In kana da ƙorafi ka rubuto, ta hannun manajanka."

Ya buga hatimi. Gari ya sake cin jarrabawa.

* * *

A barandar asibiti na gaya wa Auta. Ban ƙawata ba. Na ce mata ban taɓa ɗibar ruwan famfonta ba sai shekaranjiya. Ta tsaya tana kallon maɓallin rigata, sannan ta juya ta koma ciki.

Na bi ta ciki. Nas ta ce in cikin Abokina ya riƙe ruwan gishiri da sukari zuwa yamma, da sauƙi. Filas ɗin tafasasshen ruwa yana kan durowa. Abokina ya motsa leɓe. Na yi sauri na ɗauki ɗan kofinsa zan zuba.

"Bari, Baba. Zauna ka huta."

Auta ta karɓe kofin daga hannuna. Ta tsiyaya ruwan zafi ta ɗauraye bakin kofin inda na riƙe, ta zubar, ta sake ɗaurayewa.