Tabo a Kan Farin Shafi

Injiniya ya sake hura wa gilashin talabijin iskar bakinsa, ya goge da gefen rigarsa, ya ja da baya ya duba. Tabon yana nan. Wani abu ne toka-toka, bai fi girman babban yatsa ba, ya zauna a tsakiyar farin shafin da yake zana bene a kai, daidai inda ya kamata layin matakala ya bi.

Shi fa ba injiniya ba ne, mai zanen taswirar gini ne, amma tun da maƙwabta suka laƙaba masa sunan bai taɓa ɓata bakinsa wajen gyara musu ba. Aikinsa siraran layuka ne da ƙananan lambobi, da su yake riƙe gidansa. Bara, da lambobin suka fara yi masa ƙanƙanta a fuskar kwamfuta, maimakon ya je a duba idonsa sai ya nufi shagon ƙanin matarsa, ya ɗauko ƙaton talabijin irin wanda ake ce wa OLED, ya girke shi a kan tebur, ya jona da kwamfutar. Baƙinsa baƙi ƙirin, farinsa fari fat, kowace lamba ta fito ɓaro-ɓaro. Ya rataya labule mai kauri saboda hasken taga yana faɗowa a gilashin, ya koma wuni a ɗaki mai duhu. Duk wanda ya leƙo sai ya ce masa ai haka manyan masu sana'ar suke yi yanzu. Gaskiyar maganar kuwa tsoro ne ya saya masa talabijin ɗin.

Ciwon suga ne ya cinye idon mahaifinsa. Tsohon tela ne, kuma abin ya fara masa ne da kakkaɓe datti daga kan farin yadi, dattin da babu mai gani sai shi. Kafin a ankara ya koma zaman tabarma, ana zura masa takalmi. Shi ma Injiniya an tabbatar masa yana da sugan, likitar kuma ta ja masa kunne cewa duk ranar da ya ga inuwa ko tabo a ganinsa, kada ya bari rana ta faɗi bai zo ba.

Gwajin gane ko idonsa ne ba shi da wuya, ya kuma san shi sarai. Abin yi kawai shi ne ya rufe ido ɗaya ya duba, ya rufe ɗayan ya duba, shi ke nan. Ya ɗaga hannu har kusa da fuskarsa, sai ya ɓige da sosa kunne.

A nan ne ya tuna maganar Auta, ƙanin matar tasa. Ranar da aka sa talabijin ɗin a mota Auta ya bi shi har bakin titi yana gargaɗi, wai irin wannan ba ya son hoto ɗaya ya daɗe tsaye a kansa. Don kallo aka yi shi, abin da ke motsi. In aka bar shafi ɗaya kullum daga safe har yamma, fuskar ƙonewa take yi, inuwar shafin ta zauna har abada. Injiniya ya ce masa ya ji, ya kuma yi watanni yana barin zanensa a buɗe ko abinci ya tashi ci. Bai taɓa jin daɗin tuna taurin kansa irin na yau ba.

Ya ƙwala wa matarsa kira. Ta shigo da jakar aikinta a kafaɗa, tana mitar za ta makara. Ya nuna mata shafin.

"Kin ga wani abu a nan?"

Ta dubi gilashin, ta dubi fuskarsa, ta daɗe a kan fuskar tasa fiye da gilashin.

"Kamar dai akwai, Injiniya," ta ce a hankali.

Ya so ya ce ta ɗora yatsa a wurin. Bai ce ba. Ita ma ba ta ɗora ba. Ta tambaye shi ko ya sha maganinsa, ya ce ya sha, ta ce ko ta fasa fita, ya ce don talabijin? Ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara jakar da ba ta bukatar gyara, sannan ta tafi.

Ya cire wayoyi, ya naɗe talabijin ɗin da bargo, ya rungumo shi zuwa mota yana nishi. A hanya ya maka baƙin tabarau, ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar ɗan koyo. Bai yarda ya dubi sama ba, bai dubi farin bango ba, da wata farar motar kaya ta shiga gabansa sai ya sauya layi ba shiri har na baya ya zage shi. Tun da aka fara sayar da talabijin, da wuya in an taɓa samun wanda ya roƙi Allah kayansa su lalace kamar yadda ya roƙa a hanyar nan. Ya yarda ya yi asarar abin gaba ɗaya, ya yarda Auta ya yi masa dariya har ƙarshen shekara. Abin da ya kasa ɗauka shi ne hoton kansa a kan tabarma, 'yarsa tana karanta masa saƙon waya.

Shagon Auta yana cikin layin masu kayan lantarki, fuskokin talabijin jere a bango, kowace tana nuna kifi ko furanni. Auta na hango shi da bargo ya fara washe baki. Ya ce wa maƙwabcinsa ya zo ya ga yadda ake kawo mara lafiya asibiti, ya tambayi Injiniya ko Yayarsa ce ta jefi abin da ludayi. A wata ranar da Injiniya ya rama, don ba ya barin bashin tsokana, amma yau sai ya ce kawai a duba masa.

Auta ya jona wuta, ya sa wani hoto mai launin toka zalla, ya kashe fitilar da ke saman kantar shagon. Sai ga abu ya fito. Dogon layi a ƙasa, jerin ƙananan akwatuna a gefen hagu, duk kayan aikin manhajar zanen sun bar inuwarsu kamar shatin ƙarfen guga a riga.

"Yaya, ka ƙona shi," in ji Auta. "Wallahi ka ƙona shi ƙurmus. Me na gaya maka?"

Injiniya ya matso.

"Na tsakiyar nan fa?"

"Duk tafiyar ɗaya ce," in ji Auta, yana laluben rimot a aljihun tebur. "Wannan ba ya gyaruwa."

Injiniya ya zauna daɓas a kan wani kwali. Dariya ta ƙwace masa, irin wadda take zuwa da ruwa a ido. Ya yi hamdala, ya sake yi, ya kama hannun Auta ya girgiza. Daɗi ya cika shi har yana jin yunwa, shi da ko ruwan shayi ya kasa haɗiya da safe. Ashe matarsa gaskiya ta faɗa, ashe shi ne ya tsorata kansa a banza. Auta ya tsaya da baki buɗe, ya ce shi dai tun da ya buɗe shago bai taɓa ganin wanda aka yi wa ta'aziyya ya ba da goron albishir ba. Ya ce zai kira Yayarsa ya gaya mata a duba kan mijinta, ba talabijin ba.

Da yake ɗan kasuwa ba ya barin mai farin ciki ya fita hannu biyu, nan da nan ya shiga yi masa huɗuba. In dai aikin zane ne, ya ce, ya bar harkar talabijin, ga fuskar kwamfuta ta ainihi, babba ce ita ma, ko shekara shafi ya yi a kanta ba abin da zai same ta. Ko in ya nace sai OLED, to ya riƙa ɓoye layin ƙasa, ya rage haske, ya kashe in zai tashi. Injiniya yana ta gyaɗa kai, komai aka faɗa daidai ne a wurinsa. Auta ya jawo sabon kwali, ya yanke salatif, ya zare fuskar daga ledarta, ya ɗora ta a kan kantar, ya jona.

"Duba nan, Yaya. Ko hannu bai taɓa ta ba."

Ya danna, fari ya cika fuskar daga gefe zuwa gefe.

Tabon yana tsakiya, toka-toka, girman babban yatsa. Injiniya ya kai dubansa kusurwar dama, tabon ya bi shi can. Ya dawo hagu, ya dawo tare da shi. Hayaniyar layin ta yi masa nisa. A hankali ya ɗora tafin hannunsa a idon hagu. Fari tas, babu ko ɗigo. Ya mayar da shi idon dama, sai rabin tsakiyar fuskar ya dushe.

Auta yana ta zuba, yana lissafa kyawun hoton, har ya juyo ya ga mijin yayarsa tsaye da hannu a ido. Ya tambaye shi ko hasken ne ya yi yawa a rage.

Injiniya ya sauke hannunsa. Ya laluba aljihu ya zaro makullin motar, motar da ko wankinta ba ya yarda wani ya yi, ya miƙa masa.

"Rufe shagon, Auta. Kai za ka tuƙa. Asibitin ido za mu je."

Auta ya dubi makullin, ya dubi fuskarsa. Bai yi tsokana ba. Ya kashe farar fuskar, ya jawo ƙofar shagon, sannan ya riƙe gwiwar hannun Injiniya suka sauka daga dakalin.