Tukunyar Ruwa Zalla

Tun da aka sallami mijinta daga aiki, matar direba ba ta fasa ɗora tukunya da yamma ba, ko da ruwa ne zalla a ciki. A ganinta, gara yunwa da a ce maƙwabta sun ga murhunta a mace. Sai ta rufe tukunyar, ta shiga ɗaki ta durƙusa tana cewa, "Ya Yesu, ka ciyar da mu."

Ran Lahadi bayan sujada, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su ta riƙo hannunta tana dariya.

"'Yata, tsufa ya fara yi mini wasa. Duk makon nan, da na durƙusa addu'a sai zuciyata ta ce in kai miki abinci. Nakan zo har ƙofarki da kwano, in hangi tukunyarki tana tafasa, sai in ji kunya in juya."

Matar direba ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ashe Ubangiji ya yi ta aiko da amsa, ita kuwa tana korar ta da tururi.

Da yammar nan ba ta hura wuta ba. Ta kife tukunyar a bakin ƙofa, inda kowa zai gani.