Saura Yatsu Biyu

Ƙamshin ɗanyen itace ne ya fara tarar Justina, tun kafin motar ofis ta sauka daga kwalta. Ta sauke gilashi ta leƙa. Dama da hagu kututturai ne sababbi fil, wasu har yanzu suna tsatsafar da ruwa, ga rassa an tara tsibi-tsibi, ganyensu bai gama yaushi ba. Makonni biyu da suka wuce ta bi wannan hanya ta bayan Jiwa, inuwa ce ta raka ta har ƙofar gidan dagaci. Yau gonakin sun yi ƙwal, kamar kan da ya fito daga hannun wanzami.

Ba ta tambayi direba abin da ya faru ba. Ta sani, kuma ta san ita ta jawo.

Shekara huɗu ta yi tana yawo ofis-ofis da fayil a hammata, tana neman a amince da ƙidayar itatuwan da ke filayen mutane a ƙauyukan da birnin Abuja ke shirin haɗiyewa. Tsarin ba wuya. Duk bishiyar da kaurinta ya kai mita ɗaya, idan an zagaya ta da tef daidai ƙirjin mutum, za a shafa mata jan fenti a ba ta lamba. Daga ranar ba mai sare ta, ba mai kafa gini taku goma kusa da ita, sai da izini. Da aka sa hannu, abokan aikinta suka ce a faɗa ƙauyen da sassafe kawai, ba sanarwa. Justina ta ƙi. Ita ma 'yar ƙauye ce, daga Filato, an koya mata ba a shiga gonar mutum sai da sallama. Ta kai wa dagaci goro, ta yi bayani dalla-dalla, ta ce nan da mako biyu za ta dawo da tef da fenti. Dagaci ya yaba tarbiyyarta, ya sa aka yi shela.

Mutane kuwa suka fahimta sarai, fiye ma da yadda ta so. Fili mai jan fenti, masu gina rukunin gidaje ba za su ko kalle shi ba. Kafin Lahadi ta zagayo an ɗauko masu injin yanka daga Dei-Dei da Zuba, har layi ake bi. Itatuwa ɗari biyu da goma sha huɗu ta ƙirga a hoton da aka ɗauko ta sama. Ta fara ƙirga kututturan ta taga, da ta kai sittin sai ta daina.

Can ƙarshen hanya, inda ƙasa ta gangara rafi, wani ɗan kurmi na nan tsaye shi kaɗai, kore shar. A bakinsa wani tsoho ne zaune kan kujera 'yar tsuguno, sanda a gicciye bisa cinyarsa, rediyo a gefe. Baba Ishaya ke nan, mai wurin. Ranar shela ta gan shi can bayan taro, har ta ɗauka bai ji ba.

Ta fito, ta rusuna ta gaishe shi, ta shirya wa zagi ko roƙo.

"Kin makara, 'yata," in ji shi. "Wa ya aike ki ki ba mutane mako biyu? Da kwana ɗaya kika ce, da bayana bai ƙage a kujeran nan ba."

Ashe kwana goma sha huɗu ya yi yana gadi, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, abinci ma nan ake kawo masa. Kuma ba maƙwabta yake tsare wa ba, ba ɓarayin katako ba. Ya ɗaga sandar ya nuna mata wanda yake tsare wa: wani mutum ne mai kimanin shekara arba'in, tsaye a gefe ya harɗe hannu a ƙirji, fuska ba annuri. Ɗansa ne, Abednego. Bayansa kuma, a gindin wata ƙatuwar ɗorawa, wani siririn mutum ya jingina da babur yana ɓare gyaɗa, injin yanka a ajiye gaban ƙafarsa. Shi ne Salisu, wanda Abednego ya ɗauko tun makon jiya. Ya gama da na kowa a ƙauyen, saura wannan, kullum sai ya zo ya zauna jiran a ce bisimilla. Da Justina ta dube shi sai ya yi murmushi ya ce ta yi haƙuri, duk garin, nan ne kaɗai wurin da ya rage mutum zai sha iska.

Abednego bai tsaya dogon gaisuwa ba. Ya ce gonarsu ta gado ta tafi tun yana saurayi, inda yanzu aka jera gidaje masu jan rufi, kuma a wurin akwai maje da maɗaci da mutum uku ba sa iya rungumewa. Katafila ta kwashe su cikin yini biyu, bai ga wanda ya zo da tef ba. Ya yi acaba an hana, ya koma ga-ruwa a gidajen da aka gina bisa gonar ubansa. Yana da 'ya'ya huɗu a ɗaki ɗaya. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: ya share wurin nan, ya jera ɗakuna shida na haya, ga ma'aikata nan suna tururuwa daga cikin gari suna neman makwanci.

"Madam, ku kun sare naku kun zuba siminti," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Yanzu zafi ya dame ku a ofis, sai kurminmu ne zai riƙa yi wa Abuja fifita? Wanda ya sare nasa jiya, filinsa nasa ne. Mu da muka bari, mu za a ɗaure."

Justina tana da amsoshi, shafi arba'in ma ta rubuta a kai: zafin da ke ƙaruwa, rafin da ke cin gaɓa, ambaliyar da ke shiga gidaje duk damina. Duk gaskiya ne. Amma ta nemi guda ɗaya da za ta iya faɗa tana kallon idonsa, ta rasa. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da ta fara aiki. Abin da ta iya cewa kawai shi ne dole ta yi abin da ya kawo ta, kuma tana roƙonsa ya riƙe mata bakin tef, don manyan sun fi ƙarfin hannunta.

Ya dube ta kamar zai yi dariya. Sannan ya karɓa.

Haka suka bi kurmin, ita a gaba, shi yana zagayawa ta baya, tsoho na biye yana dogara sanda yana gabatar da kowace bishiya kamar mai gabatar da dangi. Wannan tsamiya kakansa ya tarar da ita. Wannan ɗinya ita ta ciyar da su shekarar da fara ta cinye dawa. Wancan maɗaci ɓawonsa ya tashi rabin ƙauyen daga zazzaɓi, har da waɗanda suka sare nasu shekaranjiya. Babu wadda ta ba su wahalar awo, duk sun zarce mita nesa ba kusa ba. Justina na shafa fenti tana rubuta lamba, Salisu na kallo daga nesa yana girgiza kai, kamar mahauci ya ga ana mayar da shanu ruga. Kafin azahar an shafa wa goma sha shida.

Saura ɗaya. Kaɗanya ce, a can kusurwar da ke fuskantar hanya, ita kaɗai a tsakiyar wani sarari, 'ya'yanta sun fara zuba da ruwan farkon damina. Justina ta dubi sararin, ta dubi jajayen tabon da ta baro a baya, ta auna taku goma-goma da ido, sai ta gane. Nan ne kawai ya rage wa Abednego. Ba zai ci ɗaki shida ba, amma zai ci uku. Idan kaɗanyar nan ta sha fenti, ko banɗaki ba zai samu wurin ginawa ba.

Baba Ishaya ya dafa bishiyar. Ya ce ba a shuka kaɗanya, bari ake yi. Matarsa Serah, wadda ta rasu shekara shida ke nan, ita ta tarar da ita tsiro tana noma da cikin Abednego, ta kauce mata da fartanya, ta kewaye ta da duwatsu saboda awaki. Daga baya da man ta ta riƙa shafe yaran in sanyi ya fasa musu ƙafa. Kullum tana tsokanar Abednego da cewa ga yayarsa nan, don ta girme shi da wata uku.

Abednego ya kau da kai wajen hanya. Ya zagaya da tef, ya miƙo mata bakin.

Justina ta ja, ta daidaita a ƙirjinta, ta duba. Ta saki, ta sake ja. Bakin tef ɗin ya wuce ya haɗe kafin a kai alamar mita, tazarar ba ta fi faɗin yatsu biyu ba.

A ofis Madam Tef suke kiranta, don ba ta taɓa ƙara ko rage lamba ba, ko da oga ne ya yi mata ido. Amma yanzu ta ji yatsunta na mata ƙaiƙayi. In ta zura biyu tsakanin tef da ɓawo, shi ke nan, kaɗanya ta kai. Babu mahalukin da zai taso daga cikin gari ya sake aunawa. Ta rasa kusan ɗari biyu saboda ladabinta, ko guda ɗaya ce ta ƙwato ai ta rage.

"Hannunki ne, 'yata," tsoho ya raɗa mata. "Wa zai gani?"

Ta ɗaga kai. Abednego ya leƙo ta gefen bishiyar, ba fuskarta yake kallo ba, yatsunta yake kallo. Ya yi tsayuwar mutumin da ya saba a cuce shi da takarda, har ya daina mamaki. Goma sha shida ta karɓe masa da doka yau, shi da kansa ya riƙe mata tef. Ta ji ba za ta iya karɓe ta ƙarshen da sata ba.

"Baba, ka yi haƙuri," ta ce. "Ba ta kai ba."

Tsohon bai yi musu ba. Ya dube ta, ya dubi bishiyar, sai ya lallaba ya zauna kan ɗaya daga cikin duwatsun nan, waɗanda rabinsu ya nutse a ƙasa. Ya tsinci ɗan kaɗanya guda ya riƙa juya shi a tafin hannu. Kwana goma sha huɗu yana gadi bai gaji ba, yanzu ne gajiyar ta sauko masa gaba ɗaya. Justina ta ji tausayinsa har cikin ƙashinta, ta kuma ji haushin kanta, ta rasa wanne ya fi.

Salisu dai ya riga ya miƙe. Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa, ya duba mai a injin, ya taho da shi a kafaɗa.

Abednego ya miƙo hannu ya ce a ba shi tef ɗin. Ta ɗauka bai yarda da awonta ba ne, ta ba shi. Ya rungumi bishiyar shi kaɗai, kuncinsa manne da ɓawonta mai kaushi, ya haɗe tef ɗin, ya ɗora yatsunsa biyu a kan tazarar. Ya daɗe a haka, fiye da yadda awo ke buƙata.

"Yaushe za ku sake zuwa ƙidaya?" ya tambaya, bai juyo ba.

"Bayan shekara uku."

"A shekara uku tana iya cika wannan?"

"Kaɗanya ba ta sauri," in ji Justina. "Amma in damina ta yi kyau, tana iyawa."

Ya naɗe tef ɗin a hankali ya miƙa mata. Salisu ya sauke injin, ya kama igiyar tayarwa, yana jiran a yi masa nuni.

"Bari tukuna," Abednego ya ce masa. "Ban ma gama buga bulo ba. Yashi ya yi tsada bana."

"Oga, gobe ke nan?"

"Zan kira ka."

Salisu ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya ɗaure injinsa a bayan babur. Baba Ishaya bai ɗago ba, amma ya daina juya ɗan kaɗanyar, ya sa farce ya fara ɓare shi.

Shekara huɗu Justina ta yi ana ce mata zan kira ki a ofisoshin Abuja, ta san maganar ciki da bai: ba e ba ce, ba a'a ba ce, wani lokaci ma mai faɗin bai san wacce yake nufi ba. Ba ta taɓa jin daɗinta ba sai yau.

A mota ta buɗe fom. Layi ɗari biyu da goma sha huɗu ta sa aka buga, goma sha shida ne suka cika. Babu gurbin bishiyar da ba ta kai ba, don haka ta juya bayan takardar, ta rubuta da fensir: kaɗanyar Serah, saura yatsu biyu. Direba ya tambaye ta ko su biya ta gidan dagaci su yi sallama, su kuma bar saƙon ranar da za su shiga ƙauye na gaba.

Ta dubi kututturan da ke wucewa ta taga.

"Mu wuce kawai," ta ce.