Gurbin da Ya Zagaye da Ja

Babban abin da Injiniya yake tsoro a aikinsa shi ne a buɗe shafin intanet da ya gina a ce bai yi kyau ba. Injiniya suna ne da mutanen gida suka laƙaba masa tun da ya karɓo difloma. Wannan tsoro ne ya sa, da kamfaninsu ya ba shi aikin shafin rajistar jarrabawar shiga wata sakandare, ya cire bayanin da ke fitowa ƙarƙashin kowane gurbi idan an yi kuskure, don a ganinsa tarkace ne. Ya bar launi kaɗai: gurbin da aka cike daidai ya zagaye da kore, wanda aka kuskure ya zagaye da ja. Oga ya yaba, har da dafa masa kafaɗa.

Ranar da za a rufe rajista, ya biya ta shagon yayansa kafinta da hantsi. Ya tarar da shi zaune a kan katako, zarto a ajiye, yana dangwalar waya da yatsa mai garin katako. Yaya ya ce tun jiya yake fama ya yi wa 'yarsa rajista, yarinyar da ta shekara tana karatun jarrabawar nan, amma duk danna maɓallin aikawa da zai yi, shafin ko gezau. Ya ƙara da cewa duk wanda ya haɗa wannan abu, shi da Allah.

Injiniya ya karɓi wayar, ya duba. Shafinsa ne.

"Ai ga kuskuren nan, Yaya. Ranar haihuwa, inda ya yi ja."

"Wane ja? Ni duk iri ɗaya nake ganinsu."

Sai a lokacin ya tuna. Tun suna yara Yaya ba ya bambanta ja da kore. Inna ma daina aikensa sayen tumatir ta yi, saboda ɗanye yake kwaso mata, kuma Injiniya ne ya fi kowa yi masa dariya.

Ya gyara kwanan watan, rajistar ta shiga. Yaya ya washe baki, yana cewa yau bokon ƙaninsa ya yi rana. Yabon ya soki Injiniya fiye da zagin. Ya shiga tunanin iyayen da idonsu irin na Yaya ne, da makafin da waya ke karanta musu rubutu amma ba ta faɗa musu launi, waɗanda ba su da ƙanen da zai biyo ta shago. Ga shi da yamma za a rufe.

Ya kira Oga a waya a gaban Yaya.

"Ranka ya daɗe, shafin rajistar nan da na gina yana hana mutane shiga. Yanzu zan dawo ofis in mayar da bayanin kowane gurbi a rubuce. Makarantar kuma ni da kaina zan je in roƙe su su ƙara kwana."