Mararraba a Hanyar Kurmin Marke

Shekara goma sha huɗu Haladu ke gaba. Duk bazara, kafin ruwan fari, shi da abokansa sukan ɗaure kaya a bayan kekuna su bar Anka ranar Asabar. Su kwana a Kurmin Marke inda suka rataye amyoyinsu, su ɗebi zuma da duhun magariba, su dawo Lahadi. Ƙa'idarsu ɗaya ce. Wanda ya san daji shi ke gaba, shi ke zaɓen hanya, shi ke cewa a tsaya. Ba wanda ya taɓa wuce tayar Haladu.

A wannan shekarar su huɗu ne. Akwai Barau mahauci, akwai Saminu masinjan ofishin ƙaramar hukuma. Sai baƙon tafiya, Labbo, Bafulatani ɗan shekara arba'in da ya bar kiwo ya zauna gari yana dillancin shanu. Barau ne ya kawo shi.

Haladu bai so ba tun a ƙofar gari. Keken Labbo sabo ne, ledar kanti ba ta gama fita daga jikinsa ba, ga fitila mai kama wuta da kanta in taya ta juya. Na Haladu ya girmi ɗansa na fari. Amma ba keken ne ya fi ci masa rai ba. Kafin su yi nisa Labbo ya duba ƙasa ya ce shanu sun bi nan jiya da yamma, kamar talatin, da ɗaya mai ɗingishi. Da suka ci gaba suka tarar da garken, da gurguwar a baya.

Barau ya buga cinya. "Kun gani? Wanga mutum daji na yi mai magana!"

Haladu ya tofar da yawu. Sau nawa ya nuna musu sawun gada, sau nawa ya kai su ruwa a inda ba wanda ya zata? Ba wanda ya taɓa buga masa cinya.

"Labbo," ya ce, bai juyo ba. "Koma baya. Baƙo baya shika bi."

"To, Bappa," in ji Labbo, ya ja birki ya koma.

Ko wannan saurin yarda ya ɓata wa Haladu rai. Ya so a ce ya yi gardama.

Bayan la'asar sarƙar keken Saminu ta tsinke. Kafin Haladu ya jingine kekensa, Labbo ya riga ya durƙusa da ƙusa da dutse. Saminu na tsaye a kansa yana sa albarka kamar an ba shi kujerar Makka. Haladu ya hau kekensa ya ce su iske shi gaba.

Gaban ne ya ba shi mamaki. Ruwan bara ya yanke tsohuwar hanya, ya bar kwazazzabo mai zurfin mutum biyu. Shanu sun fitar da sababbin hanyoyi biyu, ɗaya ta yi dama, ɗaya ta yi hagu. Bai san ko ɗaya ba. A gefe akwai ruga mai bukka uku, wata tsohuwa na shigowa da ƙwarya a ka, ta riƙe ta da hannu ɗaya, ɗayan hannun na jan igiyar maraƙi.

Ya san abin da ya dace, ya jira Labbo ya tambaye ta da harshensu. Ya kuma san abin da Barau zai ce in aka yi haka, da yadda zai maimaita shi a rumfar mahauta har damina. Ya waiga. Ba su taho ba tukuna.

"Sannu, Inno. Ina hanyar Kurmin Marke?"

Ta tsaya, maraƙin na fizgarta. "Nano," ta ce.

Haladu ya dubi ƙwaryar da ke kanta. Ana tambayar hanya, ita tallar nono take yi.

"Mun ƙoshi. Hanya nika tambaya."

"Nano! Nano!"

"Na ce ba mu sha."

Ya ji ƙararrawar Barau a baya. Ya dubi hanyar dama, ta fi faɗi, ta fi sawu. Ya ɗaga hannu kamar yadda ya saba, ya karkata kan keke dama. Suka biyo shi a jere. Tsohuwar ta ɗaga murya tana faɗin wani abu, amma maraƙin ya ja ta bayan bukka kafin Labbo ya iso.

Hanyar ta yi ta ƙanƙancewa har ta ƙare a wani tsohon mashekari, inda shanu suka yi damina suka tashi. Ƙayar tsidau ta rufe wurin. Tayar Barau ce ta fara sacewa, sai ta Saminu gaba da baya, sai ta Haladu. Rana ta faɗi suna zaune suna faci. Babu kurmi, babu ƙudan zuma ko ɗaya. Saminu kuwa dole ya kasance a ofis ranar Litinin, ba halin jiran wata magaribar, don haka zumar bana ta wuce su. Suka yi taimama suka yi salla, suka ci ƙuli da rogo, kowa ya shimfiɗa buhu. Shawarar inda za a hura wuta ma Labbo suka tambaya.

Da gari ya waye suka komo ta rugar. Tsohuwar na tatsa. Da ta gan su ta ajiye ƙwarya ta kama dariya har tana share ido. Ta yi wa Labbo magana mai tsawo da Fillanci, tana nuna Haladu da haɓa. Sai ta ɗaga hannun hagu ta girgiza shi sama. "Nano!" Ta ɗaga na dama. "Nyaamo!" Ta sake ɗaga na hagu.

Haladu ya ji kamar an zuba masa ruwan zafi a ƙeya. Hagu take cewa jiya. Sau uku ta faɗa masa.

"Mi tac ce?" in ji Barau.

Labbo bai ko dubi Haladu ba. "Ta ce hanyoyin duk sun rikice bana. Ko su da ka zaune nan suna ɓacewa."

"Awo," in ji Saminu. "Ai na san Malam Haladu ba shi ɓata haka kawai."

Shi ke nan, an rufe. Gaba na nan nasa, babu wanda zai taɓa. Haladu ya dubi Labbo yana gyara igiyar kayansa, fuska a sake, ko alamar jin daɗi babu. Da ya yi murmushi ma da sauƙi. Mutum ya fi ka keke, ya fi ka ido, ya fi ka harshe, sannan ya ɗauki gabanka ya miƙo maka kamar sadaka. Kuma duk shekara zai riƙa binka a baya yana sane.

"Ƙarya kakai, Labbo," in ji Haladu.

Kowa ya juyo.

"Ba haka tac ce ba. Jiya na tambaye ta, ta ce hagu da harshensu, ni na ji nono. Na ce mata mun ƙoshi."

Barau ya so ya danne, ya kasa. Dariyar ta ƙwace masa har ya saki keke ya faɗi. Tsohuwar ta taya shi.

"Bappa, ai da ka bari," in ji Labbo a hankali.

"Ban roƙe ka ba. Wuce gaba."

"Ni baƙo ne."

"Wanda yas san daji shi ka gaba. Ni nis sa dokar. Wuce."

Labbo ya tura kekensa ya wuce. Barau ya bi, Saminu ya bi. Haladu ya jira sai da suka ba shi tazara kafin ya hau. Bai taɓa ganin tafiyar daga nan ba, bayan mutum uku da ƙurar tayoyinsu. Ya kafa wa Labbo ido. Zamansa a kan sirdi a karkace yake. Yana taka feda da tsakiyar ƙafa kamar ɗan koyo. A gangare yana saurin kama birki. Haladu ya yi ta tara masa laifi har ganuwar Anka ta bayyana, yana jiran mararraba ɗaya da zai yi kuskure. Bai yi ba.